An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Agajin Ƙetare Da Kuɗin 'Yan Bindiga

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tunda har yanzu ina jin ana maimaita ta a majalisun hira, a teburin mai shayi da cikin saƙonnin murya da ake turawa ta waya, kamar wata gaskiyar da aka gama tabbatarwa, na ga gara in amayar da abin da ke cikina. Wanda zai ji haushi ya ji, ni dai na sauke nauyi.

A watan Fabrairun 2025 ne wani ɗan Majalisar Wakilan Amurka mai suna Scott Perry, ɗan jam'iyyar Rifablikan, ya buɗe baki a wani zaman majalisarsu ya ce wai kuɗin hukumar agajin ƙasarsu, USAID, suna zurarewa zuwa hannun 'yan ta'adda. Ya ambaci dala miliyan 697 a shekara, ya jero sunaye, su Alƙa'ida da ISIS, sai ya jefa Boko Haram a tsakiya. Duk wanda ya saurari maganar daga farko zuwa ƙarshe ya san kan Afganistan da Pakistan ta fi karkata, kuma mutumin bai ajiye takarda ko guda a kan Nijeriya ba. Amma kafin gari ya waye magana ta zama ruwan dare. Majalisar Dattawa ta yanke shawarar kiran shugabannin tsaro, Majalisar Wakilai ta ce za ta kafa kwamitin bincike, jakadan Amurka a Abuja, Richard Mills, ya fito ya ce babu wata hujja. Mu kuwa 'yan Arewa sai tafi muke muna cewa, ai dama mun faɗa! Yanzu asiri ya tonu! A kori ƙungiyoyin agaji, a gindaya musu sharuɗɗa, a ɗaure su tamau da doka!

Bari in share fage tun da wuri don kada wani ya shafa mini kashin kaji. Ni ba lauyan Amurka ba ne. Na san abin da ta yi a Iraƙi a 2003, na san yadda ita da ƙawayenta suka wargaza Libya a 2011 makamai suka fantsama cikin Sahara. Ruwa ba ya tsami banza, wanda ya yi zargin Bature yana da dalilinsa. Abin da na ƙi shi ne mu ɗauki ƙiyayyar Bature mu mayar da ita bargon da za mu lulluɓe ɓarayin da ke cikin gidanmu.

Ni mutumin ƙasar Mafara ne, dangina sun warwatsu daga Ruwan Gizo zuwa Bakura har Maradun, ƙananan hukumomi uku da ruwan madatsar Bakolori ya haɗa. To ina tambayar duk wanda ya fito daga wannan yanki, don girman Allah, buhun agajin Amurka nawa ka taɓa gani a ƙauyenku, balle har a karkatar da shi zuwa daji? Shekara da shekaru, babban tsarin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya jihohi uku ya sani, Borno da Adamawa da Yobe. Arewa maso yamma tana gefe kamar agola. Ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, wadda ta shigo Zamfara da ƙarfinta a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta yi ta kuka a kan wannan wariya tun 2022 har muryarta ta dushe. Ita ce ke kwantar da yara masu tamowa a Shinkafi da Zurmi da Gummi da nan Talata Mafara, kuma ita ba ta karɓar kuɗin gwamnatin Amurka ma, galibin kuɗinta daga aljihun ɗaiɗaikun mutane suke fitowa. Ashe ke nan ɗan bindigar da ke Dajin Sububu ko na wajajen Bayan Ruwa bai jira USAID ba kafin ya sayi harsashi. Yana da wurin da yake ci, kuma kowa a cikinmu ya san wurin.

Ga shi a rubuce ma. A 2019 gwamnatin Zamfara ta kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, wanda shi ma ɗan jihar ne. Kwamitin ya ce tsakanin 2011 da 2019 an biya kuɗin fansa sama da naira biliyan 3 a kan mutum 3,672 da aka sace, mata 4,983 sun zama zawarawa, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu. Naira biliyan 3 na wancan lokacin fa, kafin darajar naira ta zube ƙasa warwas. Wa ya biya? Majalisar Amurka ce ta biya? Wanda ya sayar da gonar gado ne ya biya, da wadda ta cire 'yan kunnen aurenta, da wanda ya kora shanun huɗarsa zuwa kasuwar Mafara ranar Talata ya sayar da su a wulaƙance don wa'adin da aka ba shi ya kusa cika.

Kuma fansa ɓangare ɗaya ce kawai. Akwai haraji, wanda ya zama kamar jangalin zamanin Turawa, sai dai wannan ba rasit. Kafin a yi shuka a aiko wa gari da saƙo, ku haɗa kaza. Gero ya nuna, a sake aikowa, ba mai sa lauje sai an kawo kaza. Maigari ya zauna da dattawa a raba kuɗin gida-gida, mai mata biyu kaza, gwauro kaza, har bazawarar da su ne suka kashe mata miji sai ta kawo nata. Wani garin kuma a kwashi majiya ƙarfi a kai su noma gonar kachalla kyauta, tasu gonar ciyawa na cinyewa. Wani lokacin ba tsabar kuɗi kaɗai suke so ba, sai an haɗa da sabon babur, da katin waya, da jarkokin fetur, da buhun shinkafa. Ga shanun sata da ake lodawa a manyan motoci su bi kwalta, su wuce shingayen bincike ɗaya bayan ɗaya, su isa mahauta a birane a yanka mu saya mu ci. Ga zinare, wanda gwamnatin tarayya ta hana haƙarsa a Zamfara daga 2019 har zuwa ƙarshen 2024, amma duk wanda ya san Anka da Maru ya san ramukan ba su taɓa yin shiru ba. Ɗan bindiga ba ya cin zinare, ba ya kai saniya Legas da ƙafarsa. Akwai mai saye, akwai mai mota, akwai mai canji, akwai mai kai burodi da ƙwaya, akwai infoma a cikin gari. Ɓarawon zaune ya fi na tsaye cin riba, kuma shi ne ba a taɓa ganin fuskarsa.

Yanzu ku dubi inda doka ta sa ƙafa. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarƙashin Mai Shari'a Taiwo Taiwo, ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, kuma a Janairun 2022 ofishin Ministan Shari'a Abubakar Malami ya buga hukuncin a jaridar gwamnati. A Afrilun 2022 kuma Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka mai cewa duk wanda ya biya fansa zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba. To bari in faɗa da babbar murya: ni na taɓa zuba kuɗina a karo-karon fansa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma gobe idan aka ɗauki wani nawa zan sake zubawa. A ma'aunin waɗancan sanatoci ni mai ɗaukar nauyin ta'addanci ne. Limamin da ya yi shela bayan sallar Juma'a a taimaka wa wane shi ma haka. Manomin Ruwan Gizo da ya biya don a bar shi ya yanke dawarsa shi ma haka. Gwamnatin da ta kasa tsare shi ita ce kuma za ta ɗaure shi don ya sayi ransa da kuɗinsa. Gaba kura baya sayaki. Wannan wace irin shari'a ce?

Abin dariya, abin kuka, wancan ayyanawar tana da wata fa'ida da hukumomi ba su ɓoye ba. Jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano da Nijeriya ta saya daga Amurka, suka iso a 2021, sun zo da sharaɗin inda za a yi amfani da su, kuma kiran 'yan bindiga da sunan 'yan ta'adda shi ya buɗe ƙofar a juyo da su wajenmu. Kun ga, idan sharaɗi ya tare hanyar makami, cikin 'yan makonni ake samo masa mabuɗi. Kuma ruwan bama-bamai bai san mai laifi ba. A Janairun 2025 jirgin sojan sama ya hallaka mutum aƙalla 16 a Tungar Kara, can tsakanin Maradun da Zurmi, cikinsu har da askarawan jiha da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Amma idan sharaɗi ya tare hanyar abinci da magani, nan ne kowa ke zama masanin doka, a ce a bi a hankali, a cike fom, a jira amincewa daga sama.

Mutane da yawa suna jin kalmar sharaɗi sai su ɗauka wani abu ne mai kyau, kamar a ce wa yaro ga kuɗin makaranta amma kada ka sayi alewa. Bari in nuna muku yadda abin yake idan ya sauka ƙasa. A 2017 USAID ta saka wani sashe a yarjejeniyarta da ƙungiyoyin da ke aiki a yankin Tafkin Chadi. Sashen ya ce kafin ƙungiya ta taimaki mutumin da ta san ya taɓa alaƙa da Boko Haram ko ISWAP, ko ya riƙe bindiga ko bai riƙe ba, sai ta nemi izini a rubuce daga jami'in hukumar. Ko bai riƙe ba! To ɗauko wannan ma'auni ka kawo shi Zamfara. Matar da aka sace aka riƙe wata huɗu tana yi musu tuwo, ta kuɓuto da ciki da yaro a goye, tana da alaƙa ko ba ta da ita? Yaron da aka tilasta wa kiwon shanun sata fa? Garin da ya yi sulhu da kachalla don a bar shi ya kwana da ido biyu rufe fa? 'Yan matan makarantar Jangebe 279 da aka kwashe a Fabrairun 2021, da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da aka ɗauka a Agustan shekarar, da yaran makarantar Kaya ta Maradun 73 da aka kora daji ranar 1 ga Satumba, duk sun kwana a sansanin 'yan ta'adda, sun ci abincinsu. A ƙasar da mutum ba ya iya zuwa gonarsa sai da yardar ɗan bindiga, babu wanda zai tsallake irin wannan tankaɗe da rairaya.

Kuma sau da yawa ba sai an kama kowa ba, tsoron kamun ya wadatar. Ma'aikacin agaji yana da iyali, ba ya son kurkuku. Banki yana tsoron tara, da ya ga sunan ƙungiyar da ke aiki a yankin rikici sai ya riƙe kuɗin ko ya rufe asusun. Shugabannin ƙungiya su zauna su duba taswira su ce, wancan ƙauyen yana ƙarƙashin harajin 'yan bindiga, idan muka kai abinci suka ƙwace buhu biyu za a ce mun ciyar da 'yan ta'adda, gara mu tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma. Shi ke nan, ƙauyen da ya fi kowa shiga uku shi ne zai fi kowa rasa taimako. A Borno da Yobe an gani a Satumban 2019, lokacin da sojoji suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps bisa zargin taimakon Boko Haram. Bayan makonni aka ce su koma aiki. Waɗanda suka kwana da yunwa a tsakani, wa ya biya su?

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Somaliya. Amurka ta saka Al-Shabab a jerin 'yan ta'adda a 2008, dokokinta suka sa duk dalar da ta faɗa hannunsu, ko da kuɗin shinge ne a hanya, ta zama abin tuhuma. Agajin Amurka ya ragu ƙwarai a yankunan kudu, ita kuma Al-Shabab ta kori wasu ƙungiyoyin da kanta, fari ya zo ya tarar da mutane tsirara. Binciken da aka fitar a 2013 ya ce mutum kusan 258,000 suka mutu tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2012, kusan rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Sai a Agustan 2011, bayan an riga an ayyana yunwa, Amurka ta sassauta. Ihu bayan hari. Yaran sun tafi, Al-Shabab kuwa tana nan da ranta. Sai a Disamban 2022 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudiri mai lamba 2664, wanda ya keɓe aikin agaji daga takunkumansa na daskarar da dukiya, kuma Amurkar ce da kanta tare da Ayilan suka gabatar da shi. Su da suka ƙirƙiro tarkon sun gane yana kama wanda ba shi aka ɗana wa ba. Mu kuma yanzu muke rige-rigen ƙera namu.

Ai mu Zamfarawa bai kamata a ba mu labarin Somaliya ba, don mun ɗanɗana da harshenmu. A Satumban 2021 aka ce za a kashe 'yan bindiga da yunwa. Aka katse layukan waya a faɗin jiha, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana safarar dabbobi. Hikimar ita ce dai wannan ta 'yan majalisar Amurka: a toshe bututun gaba ɗaya don kada ɗigo ya kai ga mugu. Da farko mun yi murna, an ce ɓarayi suna sakin mutane don ba abin ba su. Amma wa ya fi jin jiki? Mai sayar da ƙosai a kasuwar ƙauye, da ɗan acaɓa, da mai injin ban-ruwa a fadamar Bakolori da ba ya da fetur, da mai naƙuda da ba a iya kira wa mota, da garin da aka kewaye da dare ba halin a buga waya a nemi ɗauki. Wasu wuraren sai da suka yi kusan wata uku ba sabis. Da aka buɗe fa? A farkon Janairun 2022 suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Mai bindiga shi ne na ƙarshe da yunwa ke kamawa, don kafin ta iso gare shi ya riga ya ƙwace na bakin kowa.

Wani zai ce, to kana nufin kayan agaji ba a sace su? Ana sacewa mana! Sai dai mu tambayi wa ke sacewa. A 2017 ofishin muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya yarda cewa kusan rabin motocin abincin da ake turawa Arewa maso gabas ba sa isa inda aka nufa. A shekarar ce kuma Nijeriya ta ba Saudiyya haƙuri saboda tan 200 na dabinon da ta aiko kyauta don azumi an gan shi a kasuwa ana sayarwa. Dabinon sadaka, cikin Ramadan! Abincin tamowa ɗin nan mai gyaɗa da madara da ake bayarwa a 'yar leda, wa bai taɓa ganinsa a kan tire a tasha ba? Waɗannan ba aikin mutanen daji ba ne, aikin masu babbar riga ne da masu riƙe da makullin sito. Don haka a binciki ƙungiyoyi, a duba littattafansu, wadda aka kama da hannu dumu-dumu a kai ta kotu a faɗi sunanta, ba ni da ja. Bincike daban, hukuncin kan mai uwa da wabi daban.

Tunda kuwa majalisunmu suna da ƙwazon bincike haka, ga aiki nan jibge yana jiransu. Kotun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Nijeriya 6 bisa tura wa Boko Haram dala 782,000 tsakanin 2015 da 2016, labarin ya fito a 2020, kuma Amurka ta saka musu takunkumi a 2022. Ƙasar waje ce ta kama mana su. A Fabrairun 2022 Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce hukumar bin diddigin kuɗi ta gano mutum 96 masu ɗaukar nauyin ta'addanci, da abokan hulɗarsu 424, da kamfanoni 123, da wuraren canji 33. Lissafi dalla-dalla, har da ɗigo. To mai karatu, rufe idonka ka kirga mini goma daga cikin 96 ɗin nan da ka san sunansu da hukuncin da aka yanke musu. An saka Nijeriya a jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar kuɗin haram a Fabrairun 2023, aka cire ta a Oktoban 2025, aka yi ta murna a Abuja. Takardu sun yi kyau, madalla. A cikin kusan wannan lokacin ne kamfanin bincike na SBM ya ƙirga fansar da aka biya daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025 ta kai naira biliyan 2.57, kuma wannan wadda ta fito fili ce kawai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan yanki namu ba maraya ba ne a siyasa. Bakura ta ba da gwamna, Ahmad Sani Yarima, daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, kuma a 2023 ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar Zamfara ta Yamma. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023, daga nan aka naɗa shi ƙaramin ministan tsaro. Shekara 20 ke nan mulkin jihar yana hannun 'ya'yan ƙananan hukumomin nan uku. Ban ce wani cikinsu ya ba ɓarawo ko sisi ba, wannan aikin kotu ne. Na ce babu wani rahoton sirri da bai ratsa teburinsu ba. Kwamitin M.D. Abubakar ya nuna yatsa ga sarakuna 5 da hakimai 33. A 2020 gwamnati ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindiga ƙirar AK-47. A Afrilun 2022 aka tuɓe sarakunan Zurmi da Dansadau bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga, a Yulin shekarar kuma aka naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji da rana tsaka, jama'a na kallo, sai da ƙasa ta ɗauki ɗumi aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Duk wannan a gidanmu ya faru, da harshenmu aka yi shi. Sai ga shi wai Scott Perry ne zai zo ya gaya mana wanda ke ciyar da 'yan bindiga. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Burin masu tafi kuwa ya cika. Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya dakatar da agajin ƙetare, zuwa 1 ga Yuli aka rufe USAID ɗungurungum. Ingila da wasu ƙasashen Turai su ma suka zaftare nasu. A Yulin nan Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin za ta tsayar da tallafin mutum miliyan 1.3 a Arewa maso gabas don rumbunta ya ƙare. A watan ne MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Mu nan tun kafin a yanke komai, gwajin da aka yi wa yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024 ya nuna kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa, wato fiye da yaro ɗaya cikin huɗu. Ko ƙungiyar da ba ta cin kuɗin Amurka ta ji a jikinta, don idan ƙananan cibiyoyi suka rufe, duk yaran gadonta suke tararwa, kuma sai sun galabaita suke isowa. To an rufe USAID, sai a nuna mini kachalla ɗaya da ya ajiye bindiga don kuɗinsa sun yanke. A farkon Nuwamban 2025 Trump ya sake barazanar tsayar da duk wani taimako ga Nijeriya, a daren Kirsimeti kuma makamai masu linzami na Amurka suka sauka a jihar Sakkwato, maƙwabciyarmu. Na abinci ne ake wa dogon sharaɗi, wannan kuwa ya iso a kan lokaci.

Saboda haka ni ma ina da sharuɗɗana, kuma ba ga Baturen da ke awon hannun yaro da 'yar igiya mai launi nake gindaya su ba. Ga wakilanmu na Abuja da na Gusau nake. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 a yi mata gyara a rubuta ƙarara cewa likita da mai rabon abinci ba sa laifi don sun taimaki mabuƙaci a duk inda yake, kuma wanda aka tilasta wa biyan fansa ko haraji wanda aka zalunta ne, a daina haɗa shi layi ɗaya da mai sayar da harsashi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, to a gaya mana nawa ne daga ciki ya tafi sayen abincin tamowa, a manna lissafin a ƙofar kowane asibiti yadda mai wucewa zai karanta. Idan muna jin kunyar a ce baƙo ne ke ciyar da 'ya'yanmu, hanyar korar baƙon ita ce mu karɓi aikin daga hannunsa, gado bayan gado, kafin mu nuna masa ƙofa.

Sannan a buga rahoton M.D. Abubakar cikakkensa, a fassara shi da Hausa, a karanta shi a rediyon jiha kashi-kashi yadda ake karanta littafi da dare, manomin Ruwan Gizo ya ji da kunnensa. Sanatan Zamfara ta Yamma kuma, tunda shi ne namu, ya miƙe a zauren majalisa ya nemi a kawo jerin mutum 96 ɗin nan da Lai Mohammed ya ƙirga, a karanto su ɗaya bayan ɗaya, da kotun da kowannensu ya gurfana da ranar da aka yanke masa hukunci.